Mutuwar da Na Kai wa Kaltume

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa lori ya sauke ka Sinnar lafiya, jirgin ƙasa kuma ya kai ka Khartum ba tare da ko ciwon kai ba. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ita ce ta cusa takardar nan cikin jakarka, don na ce mata addu'o'i ne na rubuta maka. Akwai addu'a a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai kafin ka ci gaba.

Ranar da takardar jami'a ta zo, na ji ka a ƙofar gida kana gaya wa liman cewa shari'a za ka karanta, ka zama muhami, wato lauya, ka riƙa tsaya wa mutanenmu a mahkama gaban alƙali. Ka ce a wurina ka gani, tun da ni mutanen hilla, ƙauyen nan namu, ke kawo wa rigimar iyakar gona in raba. Na sunkuyar da kai, ka ɗauka kunya ce irin ta uba idan ana yabonsa. Ba ita ba ce. Sau ɗaya tak na taɓa tsayawa gaban alƙali a rayuwata, kuma abin da na yi a wurin shi zan gaya maka yau.

Ka san Kaltume, matar marigayi Usman, wadda ke gidan ƙarshe wajen hanyar Abu Hujar. Kun tashi kuna ganinta zaune bakin ɗaki, idan ta ji ƙarar lori sai ta toshe kunnuwa ta shige ciki. An gaya maku iska ce ta taɓa ta tun tana yarinya. Ni na faɗi haka a bainar jama'a, kuma ƙarya ce. Kaltumen da na sani mace ce mai yawan dariya da tsokana. Duk gonakin bakin ruwa babu albasar da ta kai tata, kuma in tana daka, tun daga masallaci ake jin waƙarta.

Kana shekara shida lokacin. Shekarun da ake gina madatsar ruwa ne, aiki ya buɗe a wajen Damazin, maza sunka riƙa barin gona bayan noman farko suna tafiya. Wata sharika, wato kamfani, da ke fasa dutse a bayan gari ta ɗauki mutum ashirin da wani abu daga hillarmu, ni kuma anka naɗa ni rayyis, wato shugaba, a kansu. Ba don na fi su ƙarfi ko hankali ba, sai don ina karanta Larabci, ina iya sa hannu a takarda. Usman yana cikinsu. Tare munka yi karatun allo da shi, rana ɗaya anka yi mana kaciya.

Ramukan dutsen biyu ne, na kusa inda nake, da na nesa a bayan tsauni. Kwana goma kafin abin ya faru anka mayar da Usman ramin nesa, shi kaɗai a cikin mutanena. Wata Laraba bayan azahar munka ji nakiya ta tashi kamar kullum, amma wannan karon ihu ya biyo baya. Da la'asar katibin sharika, mai rubuta sunayen ma'aikata, ya kira ni ofis. Ko kansa bai ɗaga daga littafin sunaye ba.

Ya ce, "Ya rayyis, Usman Muhammad naka ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ya ce, "Dutse ya faɗo masa, Allah Ya jiƙansa. Yana ɗakin bayan asibiti. Je ka duba ka dawo ka sa hannu. Zafi ya yi yawa, ana so a rufe shi kafin magariba."

Na tafi. Ɗakin kwano ne, an shimfiɗa mamacin a ƙasa, an rufe shi da bargo. Dattijon da ke gadin wurin ya ce mani, "In kana da ƙarfin zuciya ka ɗaga, amma babu sauran abin da za ka gane a fuskar." Na tsaya bakin ƙofa. Ƙudaje sun cika ɗakin, warin jini ya doke ni. Ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin bargon, da faso a dugadugai irin na kowane mai aikin ƙarfi. Tsakanina da shi taku huɗu ne. Usman yana da tabon lauje a hannun hagu tun muna yara, ina wurin ma lokacin da ya yanke. Ba sai na ga fuska ba, gefen bargon kawai zan ɗaga in ga hannu. Ban ɗaga ba. Na juya baya, na koma ofis na ce shi ne, na sa hannu. Ramin nesa ma tafiyar rabin sa'a ce, ban je na tambayi waɗanda ke wurin ba. Munka yi masa salla, anka rufe shi kafin rana ta faɗi.

Haruna, aikin da za ka shiga aikin sa hannu ne. Za a riƙa kawo maka takarda a ce an riga an duba, sauran hannunka kawai, kuma kullum za a ce sauri ake yi. Kada ka rubuta ka gani sai ka gani. In tsoro ya hana ka dubawa, ka ce tsoro ya hana ka, a nemo wani. Da na ce wa katibin nan ban iya dubawa ba, dariya kawai za a yi mani kwana biyu a manta.

Washegari na hau lori na nufo gida da labarin. Ka san yadda ake yi a wurinmu. Mai kawo labarin rasuwa wajen liman yake fara zuwa, liman ya kira dattawan gidan, su kuma su tura tsofaffin mata su zauna da matar, a fara ce mata yana jin jiki, a bar ta ta sha ruwa, sannan a faɗa mata a hankali. Na san wannan sarai. Amma lori ya sauke ni a mararraba da hantsi, hanyar hilla kuma ta bi ta gonakin bakin ruwa. Ina cikin tafiya sai ga Kaltume ta hau tudu da tiren kuɓewa a kai, ɗiyarta Rabi, mai shekara biyu, tana goye a bayanta.

Tana ganina ta fara dariya. Ta ce, "A'a, Malam Garba! Rayyis da kansa a tsakiyar mako? Ina sukarin da abokinka ya ce zai aiko? Ko kun shanye a hanya?"

Da na ce mata yana nan lafiya, na wuce wajen liman, da babu wanda zai kira wannan ƙarya. Amma labarin ya yi mani nauyi, kwana na yi da shi a ƙirji, so nake kawai in sauke. Na ce, "Kaltume, sai haƙuri. Usman ya rasu jiya."

Ta ce, "Wane Usman?"

A nan ma ban tsaya ba. Na ce dutse ne ya faɗo masa. Na ce ya niƙe shi har ba a gane fuskarsa. Na ce na gan shi da idona. Ban san abin da ya sa na ƙara waɗannan ba, wataƙila don ta yarda ta daina dubana. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke tiren a hankali, ta ajiye a tsakiyar hanya, ta zauna kusa da shi, ta riƙa tsince kuɓewar tana jerawa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Haka mata sunka zo sunka same ta.

Za ka riƙa kai wa mutane labari marar daɗi, an kayar da su a shari'a, an ɗaure ɗansu, gona ta tafi. Kafin ka buɗe baki ka dubi inda mutum yake tsaye da wanda ke kusa da shi. In ka ji kana gaggawar faɗa, ka sani kanka kake ji, ba shi ba. Kuma abin da ba a tambaye ka ba na yadda abu ya faru, ka bar shi a cikinka.

Anka yi zaman makoki, anka yi sadakar uku da ta bakwai, Kaltume ta shiga takaba. Mata sun ce ba ta barci, ba ta cin abinci sai an matsa, kuma takan tambayi duk wanda ya shigo, "Dutsen yana da girma?" Kowa ya ɗauka zafin mutuwa ne, zai wuce.

A kwana na tara, bayan la'asar, muna zaune a ƙofar masallaci sai lori ya tsaya a mararraba. Mutum ya sauko da ƙunshi a kafaɗa, ya nufo mu. Tafiyarsa na fara ganewa tun kafin fuskarsa. Usman ne, da ransa da lafiyarsa. Ashe ranar Talata, kwana ɗaya kafin hatsarin, an ɗauke shi daga rami an tura shi da motar sharika ɗauko siminti, ruwa ya tsare su a hanya, mota ta kafe cikin laka kwana da kwanaki. Katibi bai rubuta ba. Wanda munka rufe wani Usman Muhammad ne daban, baƙo da bai yi mako a wurin aikin ba. Da Usman ya koma Damazin anka ce masa an kai labarin mutuwarsa gida, ko zama bai yi ba ya hau lori.

Wasu sun tashi da gudu. Liman ya riƙe hannun Usman yana ta kabbara, yana kuka. Ya ce masa, "Usman, dakata, bari a fara shiga a gaya mata." Amma wa zai tsayar da mutumin da ya ji an sa matarsa takaba yana raye? Ya fizge hannunsa ya nufi gida, munka bi shi. Ina tsaye a bakin zaure lokacin da ya ɗaga labulen ɗakinta ya ce, "Kaltume, ni ne." Ihun da ta yi har yau ban ji irinsa ba. Ta maƙale a kusurwar ɗaki tana cewa, "Ku fitar da shi! Mijina yana ƙarƙashin dutse, ba shi da fuska. Wanga wane ne mai fuskarsa?"

Munka ce kwana biyu za ta dawo daidai. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ta daina shayar da Rabi, har kakar yarinyar ta wajen uba ta ɗauke ta. In Usman ya shigo tsakar gida sai jikinta ya ɗauki rawa har ta faɗi. An yi rubutu, an yi turare, an kai ta wurin wani shehi a ƙetaren kogi ta yi kwana arba'in. Daga ƙarshe Usman ya sayar da akuyoyinsa ya kai ta Madani wajen likita. Likitan ya duba ta tun daga kai har ƙafa, bai ga ko ƙwarzane ba. Ya ce ciwo ne na gaske kamar karaya, firgici ne ya same ta sau biyu a jere, zuciyarta ta kasa ɗauka. Ya rubuta haka a takarda, ya ce akwai masu maganin irin wannan a Khartum, amma jinya ce mai tsawo.

Duk wannan lokacin ban taka gidan ba. Na koma bakin aiki, duk wanda ya tambaye ni sai in ce laifin katibi ne, shi ya haɗa sunaye. Gaskiya ne ya haɗa, amma ba shi anka tura ya duba ba. Usman bai taɓa zargina ba a lokacin. Ya same ni a rami ya ce, "Garba, ba laifinka ba ne. In fuska ta lalace wa zai gane?" Na ce haka ne. Ranar ce ya kamata in ce masa, Usman, ban ɗaga bargon ba. Da ya zage ni, wataƙila ya mare ni, mu yi shekara ba ma magana, shi ke nan. Na yi shiru, kuma kowace rana da ta wuce faɗin ya ƙara wuya. In ka yi kuskure, ɗana, ka faɗa tun a ranar, tun kana jin kunyarsa. Bayan wata ɗaya za ka ga ka fara ƙirƙiro wa kanka hujja, bayan shekara ka yarda da hujjar.

Wani ɗan'uwan Usman da ke aikin jirgin ƙasa shi ya kai shi wajen muhami, wani saurayi da bai daɗe da gama karatu ba, irin abin da kake so ka zama. Muhamin ya zo har Damazin ya same ni a inuwar wata bishiya. Ya yi mani bayani a hankali, har yau ina tuna shi. Ya ce doka ba jini kaɗai ta sani ba. In sakacin wani ya jawo wa mutum ciwon hankali wanda likita zai iya shaidawa, ana iya neman diyya, ko da babu rauni a jiki. Amma ya ce alƙalai ba su cika son irin wagga ƙara ba, don suna cewa ciwon da ba a gani kowa na iya da'awarsa. Saboda haka abu biyu yake so a tabbatar: cewa sharika ta aika labarin mutuwa ba tare da an duba da kyau ba, da cewa matar lafiyarta ƙalau kafin ranar. Ya ce, "Ya rayyis, duka biyun a bakinka suke. Ba kai muke ƙara ba, sharika muke ƙara, kai ma'aikacinta ne. In mun ci, da abin da za a ba su za a kai ta Khartum."

Na ce masa zan faɗi gaskiya.

Kwana uku kafin zaman, shugaban sharika ya kira ni ofis. Ya sa anka kawo mani shayi, abin da bai taɓa yi ba. Bai yi mani tsawa ba, bai kuma yi mani alkawarin komai ba. Ya ce, "Ma'alesh, a yi haƙuri, abin da ya faru ya faru. Amma hannun wa ke kan takardar? In anka ce ba a duba ba, kai ne ba ka duba ba, kuma mai shaidar gawa bisa ƙarya hukuma ke nemansa, ba mu ba. Sannan ka yi tunanin mutanenka. Sharikar da hilla ta kai ta mahkama, kana jin za ta sake ɗaukar ɗan hillar?" Muhamin sharika yana gefe yana murza alƙalami. Ya tambaye ni ko matar ta taɓa yin wani abu makamancin haka a baya. Na tuna cewa ranar da mahaifiyarta ta rasu, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta suma a bakin ƙofa, mata sunka yi mata turare ta farfaɗo. Sau ɗaya ke nan, kuma wace yarinya ce ba za ta suma ba? Na gaya masa. Ya rubuta, ya ce, "Madalla."

A Sinja anka yi zaman. Ba a kawo Kaltume ba, don zuwa lokacin ba ta iya shiga lori kuma. Usman yana zaune a bencin gaba da farar rigarsa ta salla. Likita ya yi bayaninsa ya sauka, anka kira ni. Anka kawo Alƙur'ani, na yi alwala, na ɗora hannu na rantse.

Muhamin Usman ya ce, "Da ka shiga ɗakin, ka ɗaga bargon?"

Na ce, "Na ɗaga."

Ya tsaya yana dubana. Ya ce, "Ka ga hannunsa na hagu?"

Na ce, "Jini ya rufe shi."

Ya ce, "Ya rayyis, ka tuna abin da ka ɗora hannunka a kai."

Na ce, "Na tuna."

Sai muhamin sharika ya tashi ya ce, "Ka san matar nan tun tana yarinya. Lafiyarta ƙalau?" Na ce an san ta da iska tun tana ƙarama, takan faɗi, akan yi mata turare. Takan faɗi, haka na ce, kamar abu ne na kullum. Na ji Usman ya ce, "Innalillahi," a hankali. Ban waiwaya ba.

Alƙali bai daɗe ba. Ya ce yana tausayin matar, amma babu rauni a jikinta, ba ta wurin da dutse ya faɗi, ba ta ga komai da idonta ba. Ya ce rayyis ya duba gawa iyakar iyawarsa, kuskure ne irin na ɗan'adam, ba sakaci ba. Ya ce tun da an shaida tana da larurar tun asali, ba za a ɗora wa sharika ba. Ya kori ƙarar.

A waje Usman ya same ni a gindin bishiyar da ke ƙofar mahkama. Na ɗauka duka zai kai mani, har na so ya kai. Ya dube ni kawai ya ce, "Garba, ni da ka ce na mutu, ga ni na dawo. Ita fa, wa zai dawo mani da ita?" Ya wuce. Lori ɗaya munka hau zuwa gida, yana gaba ina baya. Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mani a duniya.

Na daɗe ina gaya wa kaina don mutum ashirin na yi, don kada abincinsu ya yanke. Ka ji yadda ta ƙare: kafin shekara ta zagayo aikin dutse ya ƙare, anka sallame mu gaba ɗaya, har ni. Kuma ko da bai ƙare ba, na san don kaina na yi. Tsoron ɗauri na ji, da tsoron a ce rayyis ya ji tsoron gawa. Za ka haɗu da masu shayi irin wancan, Haruna, sun fi masu tsawa yawa. Ba za su ce ka yi ƙarya ba, za su tuna maka da mutanen da ke ci a hannunka. Ranar da ka ji kana cewa don wasu za ka karkata, ka tsaya ka tambayi kanka mi kake tsoro. Kuma in ka zama kai ne mai tambayar shaida, ka tuna mai rantsuwa yana iya zama mutumin kirki a hillarsu, mai raba rigima, ya kuma yi ƙarya. Kada ka jingina shari'ar talaka a kan bakin mutum ɗaya.

Usman bai sake ta ba, bai kuma ƙara aure ba, duk da an ba shi shawara. Tun da ba ta iya ganinsa a cikin gida, sai ya kafa bukka a bayan danga ya koma can. Shi ke noma, shi ke kawo hatsi ya ajiye a bakin zaure. Da shekaru sunka tafi ta daina faɗuwa in ta gan shi, har takan ce wa Rabi, "Kai wa baƙon nan ruwa, yana da kirki." Shekara goma sha ɗaya yana baƙo a bayan gidansa. Shekara biyu ke nan da zazzaɓi ya ɗauke shi, kana makaranta a Sinnar lokacin. Da munka dawo daga maƙabarta anka rasa wanda zai gaya mata. Rabi ce ta shiga, ta durƙusa ta ce, "Inna, Baba ya rasu." Kaltume ta dube ta ta ce, "Ai na sani. Malam Garba ya gaya mani tun tuni."

Akwai kuma wancan Usman ɗin da munka rufe da sunan wani. Ba wanda ya san garinsu, ba wanda ya nema. Da na duba a ranar, da an tambayi waɗanda sunka zo tare da shi kafin su watse. Wataƙila akwai wata mace a wani gari da har yau ba ta san ko ita matar aure ce ko bazawara ba.

Juma'ar da ta wuce na je wurin Rabi. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya na gaya mata duk abin da na rubuta maka a nan, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina aiki ba. Ta ce, "Baba Garba, Babana ya gaya mani tun kafin ya rasu. Ya ce in bar ka, wataƙila wata rana ka zo da ƙafarka." Na ce to ga ni na zo, ina neman gafara. Ta ce, "Ba ni ke da ita ba. Mai ita ɗaya yana kabari, ɗayar kuma ga ta can, je ka gwada ko za ta gane abin da kake roƙo." Na dubi ƙofar ɗakin. Ban iya shiga ba.

Ba na rubuta maka wannan don ka fasa karatu ba. Ka yi shi da gaske. Wata rana wani zai shigo maka da matarsa ko ɗansa, jiki lafiya lau, ya ce wani ne ya yi sakaci har hankalin ya tafi. Kada ka fara tambayarsa ina jinin. Kada kuma ka yarda da wanda zai ce dama can haka take, sai ka je garinsu ka tambayi matan da sunka yi daka tare da ita.

Abu ɗaya nake roƙonka. In ka zauna, ka saba da malamanka, ka tambayar mani wanda ya fi su sani: mutumin da ya yi shaidar zur shekara goma sha uku da sunka wuce, yana iya komawa mahkama ya ce ƙarya ya yi? In ya koma, akwai abin da zai amfani matar, ko lokaci ya riga ya wuce? Ba sai ka ce mahaifinka ne ba, in kunya za ta hana ka. Ka rubuto mani amsar yadda take. In sun ce akwai ɗauri a ciki, kada ka ɓoye mani don tausayi. Ƙafata tana iya kai ni Sinja tukuna.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka kula da cikinka, ruwan can ba irin namu ba ne. Ka rubuto wa innarka ko da ba ka son rubuto mani, ita ba ta san komai ba sai abin da kowa ya sani. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin mutane da na kanka, Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ban samu ba. Allah Ya jiƙan Usman namu da Usman baƙo, Ya ba Kaltume sauƙi. Ni ma ka sa ni a addu'a in ka iya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba